Ƙafar Hagu ta Sarki Kinwal

"Wai ni kam, yaushe rabon da wani ya ga Kinwal ba takalmi?"

Hunid tana durƙushe bayan danga tana niƙan sha'ir ta ji wannan tambaya. Mata biyu ne za su ɗiban ruwa, ba su san da mutum a wurin ba. Ɗayar ta yi dariya ta ce, "Ke dai da sa ido! Mafarauci ne, ƙila da su yake kwana."

"Ko rafi zai haye ba ya cirewa," in ji mai tambayar. "Maigidana ne ya lura."

Suka wuce. Hunid ta bar hannunta a kan dutsen niƙa, ta kasa turawa. Kinwal mijinta ne. Mai tambayar kuwa matar Gurgan ce, ɗan ƙanen sarkin da ya mutu, kuma saura kwanaki kaɗan a yi naɗin sabon sarki.

Wannan labari na zamanin da ne, can a tsibirin Birtaniya, ƙasar ruwan sama da gajimare, tun ba a fara kiran wani yanki nata Ingila ba. A lokacin ne wasu mutane da ake kira Saksan suka riƙa haye teku daga gabas cikin dogayen jirage, suna cin garuruwan 'yan ƙasa ɗaya bayan ɗaya. An ce garin su Hunid babba ne, da ganuwar dutse da kasuwa. Rana ɗaya aka ƙone shi. Sarki ya faɗi a bakin ƙofa tare da 'ya'yansa maza duka. Waɗanda suka tsira, yawancinsu mata ne da tsofaffi da yara, suka nufi yamma cikin tsananin sanyi, ba su san inda za su ba.

Wanda ya shige musu gaba shi ne Kinwal. Yana da jinin sarauta amma na nesa, ba wanda ya taɓa lissafa shi. A daji ya tashi, ba ya son taro, ba ya son dogon zance. Shi ya haye da su duwatsu, dusar ƙanƙara tana kai musu gwiwa. Masu ba da labari sun ce wata farar barewa ce ta riƙa tsayawa nesa da shi, in ya matso ta ƙara gaba, har ta kai shi wani kwari mai manyan itatuwa. A tsakiyar kwarin akwai idon ruwa da ba ya daskarewa, tururi na tashi daga cikinsa. A gefensa akwai bukkar dutse, a ƙofar bukkar wata tsohuwa tana zaune kamar mai jiran baƙi.

Sunanta Sulwen. Mabiyan Almasihu na wannan yanki waliyyiya suka ɗauke ta. An ce 'yar sarki ce daga wani tsibiri a yamma, ta bar gidan ubanta ta shiga kwalekwalen fata ba matuƙi, ta bar wa Ubangiji ya kai ta inda ya so. Ba ta da komai sai sanda da wata ƙararrawar baƙin ƙarfe mai kusurwa huɗu, wadda take kaɗawa lokutan ibada.

Kwarin yana da mai shi. Wani kyarkeci ne, girmansa ya kai maraƙi, gashinsa toka-toka. Iyakar inda ƙarar ƙararrawa ke kaiwa ba ya shiga, amma duk wanda ya wuce nan neman itace ba ya dawowa. Da ya ɗauke mutum na uku, Kinwal ya ɗauki mashinsa ya fita shi kaɗai. Ya haƙa rami cikin dusar ƙanƙara ya kwanta, ya bari ta rufe shi don kada dabbar ta ji ƙanshinsa. Ya daɗe a nan ba motsi, har mutane suka fara yi wa Hunid ta'aziyya. Sai ga shi ya dawo yana jan fatar a bayansa.

Ranar aka fara yi masa kirarin da ake yi har yau a wannan kwari: Kinwal mai baƙin mashi, mai kwana inda sanyi ke kashe tsuntsu, gagara kyarkeci, uban marasa gari.

Abin da masu kirari ba su sani ba, da ya shiga ɗaki ya cire takalmin hagu, ƙananan yatsu biyu na ƙafar sun yi baƙi ƙirin. Sanyi ya cinye su. Da baƙin ya fara hawa, Hunid ce ta gasa wuƙar gyaran kifi a wuta ta yanke su, shi yana cije da igiyar baka. Ta ɗinke wurin da jijiyar barewa, ɗinki a karkace, don hannunta rawa yake yi. Ta naɗe yatsun a tsumma ta binne ƙarƙashin dutsen murhu. Ta cusa ulu a bakin takalmin don kada tafiyarsa ta nuna. A lokacin ba ta yi tunanin sarauta ba. Kunya ce kawai irin ta namiji, ita kuma ta rufa masa.

Sai bazara ta shigo, aka yi shuka, aka ƙara kafa gidaje, dattawa suka ce gari ba ya zama ba sarki. Suka zaɓi Kinwal.

To, mutanen nan suna da wata doka da suka gada tun kafin su karɓi addinin Almasihu, kuma sabon addinin bai raba su da ita ba. A wurinsu ƙasa matar sarki ce. In sarki yana da naƙasa a jiki, ko ido ɗaya, ko guntun hannu, ko da yatsa ne, naƙasar za ta sauka kan gonaki da shanu da cikin mata. Saboda haka ranar naɗi dattawa kan duba fuskarsa da haƙoransa da hannuwansa a gaban jama'a. Abin da tufa ta rufe kuwa ba a tona shi, don ba a tuɓe mutum gaban waɗanda zai mulka. Matarsa ce shaida. Ita za ta wanke masa ƙafafu ƙarƙashin mayafinta, ta ɗora su kan dutsen naɗi, ta rantse cewa jikinsa cikakke ne. Da can a kan takobi ake rantsuwar. Yanzu dattawa suka ce a kan ƙararrawar Sulwen za a yi. Wanda aka kama ya ɓoye naƙasa, a ɗaure shi da shi da matar da ta rantse, a nutsar da su a baƙar fadamar da ke bayan gari, wadda ba ta mayar da abin da ta haɗiye.

Da yamma Hunid ta sami mijinta yana wasa mashi a tsakar gida. Ita ba mai magana ba ce. Ko a cikin mata, in an tambaye ta abu ƙasa take kallo. Ta tsaya har ya ɗago kai.

"Maigida, an fara magana."

"Wa?"

"Matar Gurgan. A kan takalmi."

Ya ajiye dutsen washi. Ya ce, "Shi ke nan. Gobe in je wurin dattawa in cire shi a gabansu, kowa ya huta. Tun farko abin da ya kamata in yi ke nan."

"Sai kuma a naɗa Gurgan."

"Ya fi ni kusa da gidan sarauta."

"Ya fi ka kusa," in ji ta. "Ya kuma rantse a gaban kowa, kafin girbi zai kwashe duk namijin da zai iya ɗaga mashi ya koma gabas ɗaukar fansa. Maza nawa suka rage mana? Kai ka ga Saksan da idonka. In sun gama da su, sawunsu za su biyo har nan. Wa zai sake haye duwatsu da mu? Ina ma za mu?"

Bai taɓa jin ta yi magana mai tsawo haka ba. Ya dube ta ya ce, "Ba ni zan dafa ƙararrawar nan ba, Hunid, ke ce. Ba zan sa ki ba."

"Ba ka sa ni ba," in ji ta, ta koma wurin tukunyarta.

Da safe ta ɗauki ɗan curin man shanu ta nufi idon ruwa. Ta iske Sulwen tana cire ciyawa a bakin dutsen da aka shirya don naɗi, wani shimfiɗaɗɗen dutse da ruwa ke malala a kansa. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta rasa ta inda za ta fara.

"Ba sai kin faɗa ba, 'yata," in ji tsohuwar. "Ina ganin sawunsa a laka. Na hagu ya fi nutsewa ta ciki."

Hunid ta ce, "Iya, za ki faɗa?"

"Ba a tambaye ni ba. In an tambaye ni ba zan yi ƙarya ba. Ke za a tambaya."

"An ce in maƙaryaci ya taɓa ta, da kanta take kaɗawa."

Sulwen ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Mutane ke faɗin haka don su tsorata yara. Shekara da shekaru ina tare da ita, ban taɓa jin ta tona asirin kowa ba. Abin da take yi ya fi wannan. Ba ta yarda a faɗi ƙarya a kanta. In an faɗa, sai ta mai da maganar gaskiya."

"To ai alheri ne, Iya."

"Kin taɓa ganin an cike rami ba a haƙa wani ba?" Tsohuwar ta dube ta da idanu masu fari-fari. "Daga jikin mai rantsuwa take ɗiba. Ba na zaɓa mata, ba na hana ta. Wani lokaci daidai take ɗauka. Wani lokaci ta wuce. Na ga wanda ya rantse cewa ɗan'uwansa na da rai alhali ya mutu. Ba zan gaya miki yadda aka ƙare ba. Ɗauki man shanunki, ba na karɓar komai a kan wannan."

Hunid ta dawo gida da man a hannu, ya narke yana bin yatsunta. A hanya ta wuce baƙar fadama. Ruwan a kwance yake, ko ƙwaro ba ya tafiya a kansa.

Ranar naɗi gari ya waye da gajimare mai nauyi, ba ruwa ba rana. Duk mutanen kwarin suka taru a bakin idon ruwa. An yafa wa Kinwal fatar kyarkecin. Dattawa suka duba idanunsa, suka buɗe bakinsa, suka juya tafin hannuwansa, suka ce lafiya. Ya zauna a gefen dutse. Hunid ta durƙusa a cikin ruwa, ta baza jan mayafinta ya rufe ƙafafunsa tun daga gwiwa, ta zare takalman ta ƙarƙashi. Ta ji gurbin yatsun nan biyu a tafin hannunta, da karkataccen ɗinkinta.

"A ɗage mayafin nan."

Gurgan ne. Dogo ne, kyakkyawa, da sarƙar zinariyar baffansa marigayi sarki a wuya.

Babban dattijo ya ce, "Ba a taɓa yi ba, ɗana."

"Ba a taɓa naɗa mutumin da ke wanka da takalmi ba, Baba. Ko kuwa ƙafar tasa amarya ce da ba a gani sai an biya?"

Wasu samari suka yi dariya. Wata tsohuwa daga baya ta ce, "Kai dai sarautar kake so, faɗi gaskiya!" Hayaniya ta tashi. Sai Sulwen ta fito daga bukkarta riƙe da ƙararrawa, ta toshe harshenta da hannu don kada ta yi ƙara. Wuri ya yi tsit.

"A yi rantsuwa tukuna," in ji dattijon. "In an gama, mai shakka ya duba. Amma ka sani, Gurgan, in ka tona ka iske lafiya, bakinka ya fita daga maganar sarauta har abada."

"Na yarda."

Hunid ta ji jikin mijinta ya sandare. Ya sunkuyo ya ce a hankali, "Bari in faɗa musu. Ni kaɗai za su ɗauka, ba ki rantse ba tukuna."

 Ta fito da hannun dama daga ƙarƙashin mayafi, yana ɗigar ruwa, ta dafa baƙin ƙarfen. Sanyinsa ya fi na dusar ƙanƙara. Muryarta ƙarama ce, sai da na baya suka tambayi na gaba me ta ce.

"Na rantse jikin mijina cikakke ne. Ba abin da ya rasa."

Ƙararrawa ba ta yi ƙara ba. Tsuntsayen da ke kan itatuwa ne suka tashi gaba ɗaya, ba kuka. Tururin da ke kan ruwa ya kwanta. Hunid ta ji wani abu kamar an ja zare daga ƙafarta ta hagu, ba zafi, sau biyu.

Gurgan ya shigo cikin ruwa ya fizge mayafin.

Ga ƙafafu biyu a kan dutse, farare don daɗewa cikin takalmi, yatsu biyar-biyar. Gurgan ya durƙusa ya ƙirga da hannunsa. Ya sake ƙirgawa. Ya tashi ya ratsa jama'a ya tafi. Sai guɗa ta ɓarke, maza suna buga mashi a garkuwa, ana ta kirari: gagara kyarkeci, uban marasa gari! Kinwal kuwa ya kafa wa ƙafarsa ido, bakinsa a buɗe, hawaye na bin gemunsa.

Hunid ma ta duba, ita da ta fi kowa kusa. Ƙananan yatsun nan biyu sun fi sauran siranta. Ba gashi a kansu. A ƙaramin akwai wani ɗan farin tabo a kwance, irin wanda ɓawon kifin teku ke yi wa yarinyar da ta taka shi tana wasa a bakin gaɓa. Ta san tabon. Tun tana ƙarama take ganinsa duk sanda ta zauna wanke ƙafa.

Ta ɗago kai. Sulwen tana kallonta. Tsohuwar ta juya ta shige bukka.

An ce Kinwal ya daɗe a kan sarauta. Bai kai kowa yaƙin gabas ba. Ya gina ganuwa a bakin kwarin, da Saksan suka iso bayan shekaru suka tarar da gari cike da samari, suka gwammace sulhu. Garin ya ɗauki sunan tsohuwar, ana ce masa Lansulwen. Masu ba da labarin sun ce idon ruwan yana nan, an ɗaure shi da duwatsu ya zama rijiya, kuma har yau ba ya daskarewa. Ƙararrawar kuwa, bayan rasuwar Sulwen aka rufe ta cikin akwatin tagulla, ba a sake yarda kowa ya rantse a kanta ba.

Akwai kuma wata al'ada da matan Lansulwen suka riƙe. Mace in ta yi aure ba ta sake barin kowa ya ga ƙafarta ta hagu, ko mijinta. Da safar ulu take kwana, da ita take tashi. In ka tambaye su dalili, sai su ce haka matar sarki na farko ta yi, mace ce mai tsananin kunya, su kuma suka ga kyan abin suka kwaikwaya. Tsofaffi kaɗan ne ke ƙarawa da cewa matan da suka yi wa gawar Hunid wanka, bayan ta tsufa ta rasu, sun fito daga ɗakin ba mai kallon 'yar'uwarta. Daga bakin ɗayarsu ne labarin ya tsiyayo, shi ma sai da jikokin Kinwal suka hau sarauta.

Amma a wannan rana ta naɗi ba wanda ya san komai. Ana can ana gasa nama a bakin ruwa, Hunid ta sulale ta koma gida, tana tafiya a hankali don ƙasa ta riƙa karkace mata ta hagu. Ta rufe ƙofa. Ta fara ture dutsen murhu. Tsumman yana nan, da abin da ta naɗe a ciki, baƙi, busasshe, duka biyun. Ta mayar ta rufe.

Sannan ta zauna ta cire takalminta. Ba jini, ba ciwo. Yatsu uku ne, sai fata a shafe, ta warke kamar an yi shekara. A kan fatar ga ɗinki a karkace, irin na hannun da ke rawa.

Ta ji tafiya a waje, mai sauri, ba takalmi.

"Hunid! Kina ciki? Kin gani kuwa? Ubangiji da kansa ya yarda da ni, Hunid. Ashe ba ƙarya muka yi ba!"

Ta san mijinta. In ya ga ƙafar nan, kafin rana ta faɗi zai je gaban dattawa ya faɗi komai, ya ce a mayar mata da abinta. Ba mai mayarwa. Fadama ce za ta karɓe su su biyu, Gurgan kuma ya kwashi maza ya yi gabas. Ta kuma tuna abin da tsohuwa ta ce, wani lokaci daidai take ɗauka, wani lokaci ta wuce. Ta motsa yatsu ukun da suka rage. Na ukun ya ɗan yi nauyi, ko kuwa tsoro ne ya sa ta ji haka, ba ta sani ba.

Ta jawo ulun da ta saba cusa masa a takalmi, ta cusa a nata. Ya zauna daidai.

"Ina zuwa, Maigida," in ji ta. "Ƙafata ce ta yi sanyi a ruwa."

Ta ɗaure igiyar takalmin sosai, ta miƙe, ta gwada taku biyu a cikin ɗaki har ta gane yadda za ta riƙa sa ƙafar. Ba shi ba, ba Sulwen ba, ba 'ya'yan da za ta haifa ba. Ta yanke a ranta ba mai ji daga bakinta. Sannan ta buɗe ƙofa.